Wasiƙar Brolio: Yadda Aka Juya Maganar Mai Gona Bayan Ransa

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, don sai mun dangana da ƙasar Italiya, zuwa wani tsohon gida da ke kan tudu ana ce masa Brolio, wanda gonakin inabi suka kewaye shi.

Mun san wani zai ce me ya haɗa mu da gonar da ake yin giyar inabi. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Abin da ya kai mu Brolio wata wasiƙa ce da mai gidan ya rubuta a shekarar 1872. Bayan shekara 95 gwamnati ta kafa doka, jama'a suka ce ai abin da wasiƙar ta faɗa ne aka mayar doka, alhali dokar ta saɓa wa wasiƙar a wuri mafi muhimmanci. Wannan kuskure ya kusa zubar da sunan yanki guda. Duk mai son rubuta tarihi yana da abin ɗauka a nan.

Gida a bakin iyaka

Brolio yana cikin tuddan Chianti, a jihar Toskana da ke tsakiyar Italiya, tsakanin birnin Florence daga arewa da birnin Siena daga kudu. Tsakaninsa da Siena bai wuce tafiyar kilomita 20 da 'yan kai ba. Idan gari ya washe, wanda ya tsaya a kan ganuwar gidan yana hango hasumiyoyin Siena. Takardun zuriyar Ricasoli sun nuna cewa wurin ya shiga hannunsu a 1141, kuma har yau jikokinsu ne a ciki.

A wancan zamani babu ƙasa ɗaya mai suna Italiya. Kowane babban birni da mahukuntansa da rundunarsa, kuma Florence da Siena sun shafe ɗaruruwan shekaru ba sa ga-maciji. Zuriyar Ricasoli tana ɓangaren Florence, ga shi kuma gidansu a ƙofar Siena yake. Don haka duk sa'ad da yaƙi ya tashi, Brolio ne ke fara shan wuta. A 1478 dakarun Siena da na sarkin Naples suka ci gidan da yaƙi suka rushe shi. Florence ta sake gina shi da ganuwar dutse mai kauri wadda za ta iya jure igwa, kuma ita ce ganuwar da ke tsaye har yanzu. Sai da Siena ta faɗi a 1555 kafin yankin ya sami sararin numfashi. Ko a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai da harsasan igwa suka sami gidan.

Daga wannan gaba ce aka sami labarin baƙin zakara, wanda hotonsa ke kan kowace kwalbar Chianti Classico a yau. An ce biranen biyu sun gaji da faɗa a kan iyaka, sai suka yi yarjejeniya: da carar zakara ta farko, mahayi ɗaya zai taso daga kowane birni, inda suka haɗu nan ne iyaka. Mutanen Siena suka sami farin zakara suka ciyar da shi ya ƙoshi. Mutanen Florence suka kulle baƙin zakara da yunwa, ya yi cara tun dare bai raba ba, mahayinsu ya yi ta sukuwa har sai da ya kusa Siena kafin su haɗu. Labari ne mai daɗi, amma almara ce. Abin da takarda ta tabbatar shi ne Florence ta haɗa garuruwan Radda da Gaiole da Castellina a ƙungiyar tsaro ɗaya mai suna Lega del Chianti, kuma baƙin zakara ne tambarinta. Brolio yana ƙasar Gaiole.

A 1716 Cosimo na Uku, sarkin Toskana daga zuriyar Medici, ya fitar da sanarwa wadda ta shata iyakar yankuna huɗu da giyarsu ta yi suna, Chianti na ciki. Tana daga cikin dokoki na farko a duniya da suka ɗaure sunan amfanin gona da ƙasar da ya fito. Sai dai ta faɗi inda za a yi giyar ne kawai, ba ta faɗi irin inabin da za a yi ta da shi ba.

Noman raba-daidai

Kafin mu gane abin da Bettino Ricasoli ya yi, sai mun san yadda ake noma a wurin. Tsarin ana ce masa mezzadria, wato raba-daidai. Mai ƙasa yakan yanka gonarsa gida-gida, ya ba kowane iyali yanki da ɗakin zama, su kuma su zuba ƙarfinsu. Idan kaka ta yi, a raba amfani biyu. Akwai wakilin mai ƙasa da ke riƙe da littafin lissafi, yana rubuta abin da aka girbe da bashin da ke kan kowane gida.

Manomin da ke cikin wannan tsari cikinsa yake fara dubawa. Yana buƙatar alkama don burodi, zaitun don mai, inabi don abin sha, da ciyawar shanun huɗa. Saboda haka duk a fili ɗaya yake shuka su. Kuringar inabi takan hau bishiya ta yi yaɗo, alkama na tsakanin layuka, zaitun na gefe. Lokacin tsinka, da baƙin inabi da fari, da nunanne da wanda bai gama nuna ba, duk a kwando ɗaya ake zubawa. Manomi yawa yake nema, don rabin yawa shi ne rabonsa, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Abin da ke fitowa giya ce ta sha a gida cikin shekarar. Idan aka ɗora ta a keken shanu ko jirgin ruwa zuwa nesa, sau da yawa kafin ta isa ta yi tsami. A daidai lokacin kuwa giyar Faransa tana ƙetare teku lafiya lau, ana sayenta da tsada a Ingila.

Baron na Ƙarfe

An haifi Bettino Ricasoli a Florence a 1809. Yana ɗan shekara 18 ya zama maraya gaba da baya, aka bar masa ƙanne da gonaki da bashi mai nauyi. Sai da sarkin Toskana ya ba da izini na musamman kafin a ɗauke shi a matsayin baligin da zai riƙe gida. A 1830 ya auri Anna Bonaccorsi, kuma a 1838 ya kwashe iyalinsa daga birni ya tare a Brolio.

Nan ma akwai almara. Ana cewa wai a wani taron rawa a Florence ya ga wani saurayi ya cika rawa da matarsa, kishi ya kama shi, ya sa direban keken doki ya wuce da su Brolio cikin daren nan, ba su ƙara komawa ba. Masu yawon buɗe ido suna son wannan labari. Littattafan lissafin gidan kuwa wani dalili suke nunawa: dukiya ce ke zurarewa, kuma mai ita ya ga idan bai tsaya a kanta da kansa ba, za ta ƙare.

Mutum ne mai tsanani, mai riƙon addini, wanda ba ya ɗaukar wasa. Ya rubuta wa manomansa ƙa'idojin aiki dalla-dalla, yana tara su yana yi musu karatu da wa'azi, kuma wanda ya saɓa yana iya rasa gonarsa. Ya zama ɗan ƙungiyar masana noma ta Florence mai suna Georgofili. Ya je Faransa ya ga yadda ake yi a Bordeaux da Burgundy. Da ya dawo sai ya shiga gwaji: ya ware kowane irin inabi daban, ya matse shi daban, ya ajiye a gangar katako daban, yana rubuta abin da ya gani shekara bayan shekara. Yakan aika giya tafiya mai nisa don kawai ya ga ko za ta jure hanya.

Duk wannan yana yi ne tare da siyasa. A 1847 ya kafa jarida mai suna La Patria. A 1859, da sarki Leopold na Biyu ya bar Toskana, Ricasoli ne ya zama jagoran gwamnatin riƙo, ya kuma tsaya kai da fata sai Toskana ta haɗe da masarautar Piedmont, abin da aka tabbatar da ƙuri'ar jin ra'ayi a watan Maris na 1860. Da Cavour, firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya, ya rasu a watan Yuni na 1861, Ricasoli ne ya gaje shi. Bai cika shekara ba ya sauka, don ba ya iya lanƙwasa, har da sarki Victor Emmanuel ba su jitu ba. Ya sake riƙe muƙamin daga 1866 zuwa 1867. Taurin kansa ne ya sa ake kiransa Baron na Ƙarfe. Kowane lokaci ya sauka daga mulki, Brolio yake komawa wajen gangunansa. A nan ya rasu a 1880.

Abin da wasiƙar ta ce

A 1872, bayan gwajin sama da shekara 30, ya rubuta wa Cesare Studiati, wani farfesa a Jami'ar Pisa, yana bayyana masa abin da ya gano. Irin inabi uku ya ambata.

Na farko Sangiovese, wanda a lokacin suke kira Sangioveto. Baƙin inabi ne mai tsami da bauri, irin baurin nan da ɗanyen kanya ke bari a baki. Ricasoli ya ce daga gare shi giyar ke samun yawancin ƙamshinta da ƙarfinta, kuma ƙamshin shi ne abin da ya fi nema. Na biyu Canaiolo, shi ma baƙi, wanda ya ce yana sassauta kaushin na farko ba tare da ya rage masa ƙamshi ba. Na uku Malvasia, farin inabi. A kansa ya ce yana tsinka haɗin biyun farko, ya sa giyar ta yi sauƙi, ta dace da shan yau da kullum. Sannan ya ƙara da cewa giyar da ake nufin ajiyewa ta daɗe, ana iya yin ta ba tare da Malvasia ba.

Mu lura da abu uku. Bai ba da kaso ba, babu kashi kaza na wannan, kashi kaza na wancan. Bai ambaci farin inabin nan mai suna Trebbiano ba. Kuma farin da ya ambata, sharaɗi ya gindaya masa: na giyar yau da kullum ne, ta ajiya ba ta buƙatarsa. Sabon abin da ya kawo shi ne ɗora Sangiovese a gaba, domin kafin shi Canaiolo ne ya fi yawa a gonakin yankin. Wasiƙa ce ta mai bincike zuwa ga abokin bincikensa, ba umarni ba ce ga na baya.

Yadda magana ta sauya a hanya

Sunan Chianti ya yi tashe a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, musamman da 'yan Italiya suka yi ta ƙaura zuwa Amurka suna neman abin gida. Ana zuba ta a wata kwalba mai tumbi da aka naɗe da tsaiwar ciyawa, wadda ake kira fiasco. Da kasuwa ta buɗe, sai kowa a Toskana, har da wajenta, ya fara rubuta Chianti a kwalbarsa. A 1924 masu gonaki 33 suka taru a Radda suka kafa ƙungiyar kare sunan, suka ɗauki baƙin zakara tambari. A 1932 gwamnati ta faɗaɗa yankin da ke da ikon amfani da sunan ya mamaye babban ɓangare na tsakiyar Toskana, aka bar wa tsohon yankin ƙarin kalmar Classico don a bambanta shi.

A wannan tsakani maganar Ricasoli tana yawo daga baki zuwa baki, daga littafi zuwa littafi, ana ce mata haɗin Baron. Wani ya sa mata alƙaluma. Wani ya cusa Trebbiano a ciki, saboda inabi ne mai yawan 'ya'ya, mai jure wahala, ko da yake ba shi da wani ƙamshi. Sharaɗin nan na giyar ajiya kuwa ya faɗi a hanya, babu wanda ya waiwaya ya ɗauka.

Sai ga shekarun 1950 da 1960 sun zo da babban sauyi. Masana'antu suka buɗe a birane, 'ya'yan manoman raba-daidai suka tattara suka bar tuddai, gidajen gona suka zama kufai. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar mezzadria. Masu ƙasa da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka wayi gari babu ma'aikata. Suka tumɓuke tsohon tsarin gauraye, suka dasa inabi zalla a layuka masu faɗi da tarakta za ta bi, kuma suka zaɓi irin da ya fi yawan haihuwa.

A cikin wannan hali aka kafa dokar 1967, wadda ta tsara yadda duk giyar da za ta amsa sunan Chianti za ta kasance: Sangiovese kashi 50 zuwa 80 cikin 100, Canaiolo kashi 10 zuwa 30, farin inabi, wato Trebbiano da Malvasia, kashi 10 zuwa 30. Farin inabi ya zama dole, har a giyar ajiya. Abin da Baron ya ce ana iya bari, shi aka wajabta, kuma da sunansa ake kare wajabcin.

Adalci shi ne mu faɗi cewa waɗanda suka tsara dokar ba mahaukata ba ne. Gonaki cike suke da farin inabi, masu su suna cikin matsi, kuma hana su zuba shi a Chianti tamkar hana su abinci ne. Dokar ta bi abin da ke ƙasa. Inda aka yi kuskure shi ne jingina ta ga mutumin da bai faɗe ta ba, domin hakan ya sa gyaranta ya yi wuya. Duk wanda ya ce a rage fari, sai a ce masa ya fi Ricasoli sani ne?

Sakamako bai ɓoyu ba. Giyar ta koma tsararo, launinta ya kwaɗe, ba ta jure ajiya. A ƙasashen waje Chianti ta zama sunan abu mai arha, har aka fi sanin kwalbar da zama mazaunin kyandir a teburin gidan abinci fiye da abin da ke cikinta. Masu gonakin da ke son inganci suka ga ba su da mafita sai fita daga dokar. A shekarun 1970 gidan Antinori ya fitar da Tignanello, ya daina sa mata sunan Chianti. A 1977 Sergio Manetti na gonar Montevertine ya yi Le Pergole Torte da Sangiovese zalla. A idon doka waɗannan giyar tebur ce, mataki mafi ƙasƙanci, amma a kasuwa sun ninka Chianti tsada. Abin kunya ya ishi hukuma. A 1984 aka rage wajibin farin inabi zuwa kashi 2. A 1996 Chianti Classico ta sami dokarta daban, aka halatta yin ta da Sangiovese zalla. Daga 2006 aka hana farin inabi gaba ɗaya, aka ce Sangiovese kada ya gaza kashi 80. Shekara 134 bayan wasiƙar, aka dawo kusa da inda mai ita ya tsaya.

Sunan da ya fita gida ya dawo

Brolio ma bai tsira daga wannan guguwa ba. A farkon shekarun 1970 zuriyar ta sayar da kamfanin giyar da sunan Ricasoli ga Seagram, wani babban kamfanin Kanada, daga baya ya koma hannun Hardy na Ostireliya. Gidan da gonakin suna hannun zuriyar, amma sunan da ke kan kwalba na wasu ne. Shekara kusan 20 ana fitar da miliyoyin kwalabe da sunan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana neman inganci, kuma darajar sunan tana raguwa.

A 1993 Francesco Ricasoli, wanda sana'arsa ɗaukar hoto ce, ya sayo kamfanin ya dawo da shi gida. Ya rage yawan abin da ake fitarwa, ya shiga tumɓuke tsofaffin gonakin zamanin neman yawa yana sake dasawa. Ƙasar gidan ta kai hekta 1,200, yawancinta dajin itatuwa ne, kimanin hekta 240 ne inabi, sai 'yan hektoci na zaitun. Gonakin suna kan gangara, daga tsayin mita 200 da ɗoriya zuwa wajen mita 500 sama da teku.

Gangarar nan tana da amfani. Ruwan sama ba ya kwanciya, saiwa ba ta ruɓewa. Ƙasar duwatsu ba ta da ƙarfi sosai, don haka kuringa ba ta haukan ganye, 'ya'yanta kaɗan ne amma masu ɗanɗano. Rana takan buga da zafi, dare ya yi sanyi, inabi ya nuna a hankali ba tare da tsaminsa ya gudu ba. Sangiovese kuwa mai jinkirin nuna ne, sai Satumba zuwa Oktoba ake tsinkarsa, kuma yana saurin nuna halin ƙasar da aka dasa shi.

Saboda haka sabon mai gidan ya sa masana suka bi gonakin suna haƙa suna auna ƙasa. Suka sami iri 19, waɗanda suka kasu manyan gida biyar: dutsen yashi a can sama, dutsen galestro mai ɓarewa falle-falle, farin dutsen alberese, ƙasar da teku ya bari tun zamanin da ya rufe wurin, wadda har yau ake tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinta, da kuma tsohuwar gaɓar kogi a ƙasa-ƙasa. Yanzu gidan yana fitar da giya uku daga gonaki uku, duka Sangiovese zalla: Colledilà daga farin dutse, Roncicone daga ƙasar teku, CeniPrimo daga gaɓar kogi. Iri ɗaya, hannu ɗaya, ƙasa ce kawai ta bambanta. Babbar giyar gidan, Castello di Brolio, ta fara fita da amfanin 1997. A dokar yau, Chianti Classico ta talaka takan yi aƙalla wata 12 a ajiye kafin a sayar, Riserva wata 24, Gran Selezione wata 30.

Idan muka duba da kyau, abin da Francesco ya gada daga kakansa hanyar aiki ce: ware kowane abu daban, gwada, rubuta, jira. Haɗin da aka yi ta rantsuwa da shi bai ma bi ba.

Abin da ya shafe mu

Mun kawo wannan tarihi ne saboda ciwon da ke cikinsa irin namu ne. Sau nawa muke rubuta "wane ya ce" alhali ba mu taɓa ganin inda ya faɗa ba? Mun gani a rubutun wani, shi ma ya gani a na wani. Maganar Ricasoli ba ƙarya aka ƙirƙira masa daga sama ba. Inabi ukun nan duk ya ambace su. Sharaɗi ɗaya aka yar, aka ƙara suna ɗaya da 'yan alƙaluma, ma'ana ta juye. Yawancin ɓarnar da ake yi wa tarihi haka take, kuma kalmomin da aka fi yarwa su ne ƙanana irin su "idan" da "sai dai" da "wani lokaci", don suna rage wa jimla armashi. Marubucin kirki yakan riƙe su ko da jimlar za ta yi nauyi.

Na biyu, tarihin Brolio hawa uku ne, kuma kowane tarihi haka yake. Akwai abin da takarda ta tabbatar, kamar wasiƙar 1872 da dokar 1967. Akwai almara, kamar zakara da daren rawa, har da fatalwar Baron da mutanen yankin ke cewa tana yawo a kan farin doki. Akwai kuma abin da mai kaya ke faɗa don kayansa su shiga. Gidan yana kiran kansa kamfanin giya mafi tsufa a Italiya, yana kafa hujja da 1141. Shekarar gaskiya ce, amma shekarar mallakar wurin ce, a lokacin da gidan yake sansanin yaƙi. Ba mu ce a zubar da almara ba, ita ce gishirin labari. A dai kira ta da sunanta, kada mai karatu ya ɗauke ta a matsayin hujja.

Na uku, mu tambayi kanmu wa aka bari a waje. Mun san abin da Baron ya yi tunani domin ya iya rubutu kuma an adana takardunsa. Iyalan da suka sassabe gangaren, suka jera duwatsu, suka ɗauki kwanduna a kafaɗa shekara ɗaruruwa, sun fi fitowa a littafin wakili, a layin bashi. Ranar da suka sami hanyar fita kuwa, ficewa suka yi, kuma wannan ficewa ita ce ra'ayinsu game da tsarin. Wanda ya rubuta tarihin Brolio ya tsaya a kan Baron kaɗai ya ba da rabin labari, kamar yadda aka riƙa ba manoman rabin amfani.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. Kowa ya zaɓi magana ɗaya da ake yawan jingina wa wani sananne, malami ko sarki ko mawaƙi ko ɗan siyasa. Ya bi sawunta baya har inda ƙarfinsa ya kai: littafi, jarida, faifai, ko dattijon da ya ji da kunnensa. Sannan ya rubuto mana, cikin kalmomin da ba su wuce 300 ba, yadda ake faɗarta yau, yadda ya same ta a tushe, da abin da ya ɓace ko ya ƙaru a tsakani. Wanda ya bi sawu bai sami tushe ba, shi ma ya rubuto, domin wannan ma sakamako ne. Za mu zaɓi uku mu tattauna a kansu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Allah ya ƙara mana basira, ya tsare alƙalumanmu daga ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba.